Filin bayan layin dogo: yadda sauyin manufar gidaje ya same mu a Ingila

Muna zaune ne a wani matsakaicin gari da ke arewa da Landan, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa. Ni da maiɗakina da yara uku, a gidan haya mai ɗakin kwana biyu. Babbarsu mace ce kuma ta fara girma, ƙannenta biyu maza, don haka duk mai iyali ya san inda hankalinmu yake. Mun nemi gida mai ɗaki uku har mun gaji. Wanda ake samu, hayarsa za ta cinye fiye da rabin abin da mu biyun muke kawowa a wata. Saye kuwa ko zancensa ba ma yi. Wannan matsin ne ya kai ni cikin harkar yadda ake yanke shawarar inda za a gina gidaje a garin, da guda nawa, da irin waɗanda za a gina.

A Ingila mallakar fili ba ta ba ka ikon gini a kansa. Tun dokar tsara gari ta 1947, in ban da 'yan ƙananan gyare-gyare, sai ka nemi izinin ƙaramar hukuma kafin ka aza bulo. Ita ma ƙaramar hukumar ba da ka take yanke hukunci ba. Tana da kundin tsarin gari da take rubutawa don aƙalla shekara 15 masu zuwa, ta kuma sake duba shi duk bayan shekara biyar. A ciki ake nuna inda za a yi gidaje, inda za a yi masana'antu, da inda ba za a taɓa ba. A saman wannan kundi akwai na gwamnatin tsakiya, wanda ake kira NPPF, da aka fara fitarwa a watan Maris na 2012. Kowane kundin gari dole ya dace da shi, in ba haka ba sufeton gwamnati ya ƙi amincewa.

Wajen ƙarshen 2022 aka jefo mana takarda ta ƙofa cewa hukumar yankinmu ta fitar da daftarin sabon kundi, kuma za a baje taswirori a laburare don jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu. Na tashi daga aiki na biya. Allunan sun cika zauren, kowanne da taswira mai launi-launi. Wata matashiyar jami'ar tsara gari ta ga na daɗe a gaban ɗaya, ta matso ta tambaye ni inda nake zaune. Na nuna mata layinmu. Sai ta zagaya yatsa a kan koren launin da ya kewaye garin kaf, ta ce wannan ita ce koriyar ɗamara, kuma duk rikicin da zan ji a kanta yake.

Koriyar ɗamara filaye ne da aka keɓe kewaye da manyan birane don kada su yi ta faɗaɗa ba iyaka har su haɗiye garuruwan da ke kusa. Tun 1955 gwamnati ta umarci ƙananan hukumomi su shata ta, kuma yau ta kai wajen kashi ɗaya cikin takwas na ƙasar Ingila. Turawan nan suna ji da ita sosai, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa ganin yadda birni ke cinye gonaki ba tsari ya san darajar abin da suka kare. Sai dai ba dukkanta ce kurmi da makiyaya ba. Filin da ke bayan layin dogo, wanda nake bi ta gefensa in kai yara makaranta, yana cikinta. Shingen waya ne da ya kwanta, da 'yan dawaki suna kiwo, da ƙaya da ta rufe gefe guda. A kusurwarsa akwai tsohon garejin gyaran motoci, da gawarwakin motoci da tsatsa ta ci. Ta ƙasa wani ɗan rafi ya ratsa, wanda yake cika ya batse duk lokacin hunturu.

A daftarin, an yi niyyar cire wannan fili da waɗanda ke maƙwabtaka da shi daga cikin ɗamarar, a yi sabuwar unguwa guda. An ware wurin makarantar firamare, da wurin ƙaramin asibiti, da hanyar da bas za ta bi. Na tambayi jami'ar wa ya yanke yawan gidajen. Ta ce, “Ba mu ba ne. Lissafin daga gwamnati yake zuwa, tun 2018. Namu shi ne mu nemo inda za a sa su.” Ta ba ni fom. Na cika shi a wurin, na rubuta cewa ina goyon baya, kuma ina roƙon a yi gidaje masu ɗaki uku da huɗu waɗanda ma'aikaci zai iya biyan hayarsu.

Ba a yi nisa ba labari ya sauya. A watan Disamba na 2022 ministan gidaje na lokacin, Michael Gove, bayan matsin lamba daga 'yan majalisar jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau, ya sanar cewa za a sassauta dokar. Ƙananan hukumomi da dama suka dakatar da aikin kundinsu suna jiran su ga abin da zai fito, har da tamu. Sai da aka shekara guda cur, a Disamba 2023, sannan sabon NPPF ya fito. Ya ce lissafin gwamnati shawara ce kawai da za a fara da ita, kuma ba dole ba ne hukuma ta taɓa iyakar koriyar ɗamara don cike adadin. Kansilolinmu suka karɓi wannan da hannu biyu. Aka sake daftari, aka rage yawan gidajen, aka cire filin bayan layin dogo da 'yan uwansa. Makaranta da asibitin da aka zana suka tafi tare da su.

A cikin wannan jira mai gidan da muke ciki ya ƙara mana haya, kuma ba mu da inda za mu je. Maiɗakina ta ce, “Malam, takardar nan da ka cika, ina labarinta?” Na ce mata an ajiye ta tare da daftarin da aka yi watsi da shi.

Sai zaɓen 4 ga Yuli 2024 ya kawo jam'iyyar Leba, da alkawarin gina gidaje miliyan 1.5 a Ingila kafin ƙarshen wa'adin majalisar. Kafin watan ya ƙare, mataimakiyar firaminista ta lokacin, Angela Rayner, ta fitar da shirin sake juya dokar, kuma ranar 12 ga Disamba 2024 sabon kundin ya fara aiki. Wato cikin wata goma sha biyu an sauya alƙibla sau biyu, kuma kowane sauyi ya saɓa wa wanda ya gabace shi.

Lissafin ya koma wajibi, an kuma sake yadda ake yin sa. A da ana dogara ne da hasashen ƙaruwar iyalai na 2014, wanda ke da aibu guda: garin da bai gina gidaje ba, mutane ba sa ƙaruwa a cikinsa, sai lissafi ya nuna ba ya buƙatar gidaje da yawa. Yanzu ana ƙirga gidajen da ke yankin, a ɗauki kashi 0.8 cikin 100 a matsayin tushe na kowace shekara. Sannan a kwatanta matsakaicin farashin gida da matsakaicin albashin shekara na masu aiki a wurin. In farashin ya wuce ninki biyar na albashin, a yi ƙari a kan tushen, kuma iya nisan da ya yi, iya ƙarin. A garuruwan da ke kewaye da Landan, farashin yakan haura ninki goma. Jimillar ƙasar ta koma gida 370,000 a shekara, alhali abin da aka ƙara a shekarar 2023 zuwa 2024 bai wuce wajen 221,000 ba. Landan kanta an rage mata, daga kusan 99,000 zuwa wajen 88,000. Nauyin ya sauko kan garuruwa irin namu.

An ba da rangwame ga hukumomin da suka yi nisa. Wadda daftarinta ya kai matakin jin ra'ayi na ƙarshe kafin 12 ga Maris 2025, kuma adadinta ya kai kashi 80 cikin 100 na sabon lissafi, za ta iya ci gaba da tsohuwar doka. Namu daftarin, da aka rage shi shekara guda kafin nan, ko kusa bai kai ba. Dole aka koma farko. Aikin shekaru, da kuɗin masu bincike, da duk fom ɗin da jama'a suka cika, aka sake sabon lale.

A nan ne na fahimci abin da rashin kundi ke jawowa. Doka ta ce kowace hukuma ta nuna tana da filayen da za su isa a gina gidajen shekara biyar masu zuwa. Da adadin ya tashi dare ɗaya, filayen da hukumarmu ke da su suka gaza. In haka ta faru, kuma kundin gari ya tsufa, sakin layi na 11 na NPPF ɗin 2024 ya ce ma'auni ya karkata wajen mai neman izini: a ba shi, sai dai in illar ginin ta rinjayi amfaninsa a fili ƙarara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanonin gine-gine sun san wannan doka fiye da kowa, kuma da yawansu sun daɗe da ƙulla yarjejeniya da masu filaye suna jiran irin wannan rana.

A da koriyar ɗamara ta kan tare su ko da ma'aunin ya karkata. Sabon kundin ya buɗe wata ƙofa, ya ware wani yanki nata ya kira shi ɗamara mai ruwan toka. Shi ne filin da aka taɓa yin gini a kansa, kamar tsohon gidan mai ko wurin ajiye motoci, ko kuma wani filin daban, muddin ba ya taka rawa mai ƙarfi wajen abubuwa uku: hana babban gari bazuwa, hana garuruwa biyu haɗewa, da kare kamannin garuruwan tarihi. In fili ya faɗa wannan aji, kuma hukuma ba ta da filayen shekara biyar, kuma wurin yana kusa da hanyoyin sufuri, ana iya ba da izini ba tare da an jira kundin gari ba. Amma an gindaya sharuɗɗa uku. Gidaje masu rangwame su ƙaru da maki 15 a kan abin da hukuma ta saba nema, har zuwa rabi. Inda ake neman kashi 30 ya koma 45, inda ake neman 40 ya tsaya a 50. A gyara abubuwan more rayuwa da ginin zai ƙara wa nauyi. A kuma bar filin shaƙatawa da kowa zai iya shiga.

Bazara na shigowa na ga farar takarda cikin leda an ɗaure ta a jikin turken fitila, daidai shingen dawakin nan. Wani kamfani ya nemi izinin gina gidaje a filin, shi kaɗai, ban da maƙwabtansa. An ba jama'a kwana 21. Na buɗe shafin hukumar a intanet na tarar da takardu jibgi: rahoton zirga-zirgar motoci, rahoton ambaliya, rahoton jemagu da tsuntsayen da ke zaune a wurin, da wata doguwar hujja cewa filin mai ruwan toka ne saboda garejin da kuma layin dogo da ya riga ya yi masa iyaka. Bayan yara sun kwanta nake zama in karanta, wani lokaci har idona ya yi yaji.

Mutanen unguwa suka kira taro a zauren coci. Na je. Zauren ya cika maƙil, kusan kowa furfura, kusan kowa mai gidan kansa ne. A duk wurin ban ga wani ɗan haya da na sani ba, ban kuma ga baƙar fata ba sai ni. Ina so in yi wa mutanen nan adalci, domin sau da yawa ana kwatanta su da masu son kai kawai, kuma abin da na ji ya fi haka. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda takan ajiye wa yarana alewa, ta miƙe tana riƙe da hotuna. Hotunan lambunta ne ruwa ya shanye shi har bakin ƙofar kicin, shekarar da rafin ya yi ambaliya. Ta ce in an shafe filin da kwalta da siminti, ina ruwan zai je? Ta ce ƙarfe takwas na safe take fara buga wayar asibitin unguwa, kafin a ɗauka an ce layin ranar ya cika. In aka ƙaro ɗaruruwan iyalai, wa zai duba su? Duk tambayoyi ne na gaskiya, kuma ni ma ina buga wannan waya.

Da muka fito muna tafiya gida tare, na gaya mata ni goyon baya zan rubuta. Ta tsaya ta dube ni. Na faɗa mata yadda muke kwana, da yadda babbar 'yata ke yin aikin makaranta a kan matakalar bene don nan ne kaɗai ba hayaniya. Ta yi shiru, can ta ce jikanta ma ya koma arewacin ƙasar da matarsa don ba za su iya zama kusa da ita ba. Ba ta janye adawarta ba, ni ma ban janye goyon bayana ba. Amma mun yarda a kan abu ɗaya, cewa tsohon daftarin nan mai makaranta da asibiti ya fi wannan da aka kawo mana yanzu. Ta ce ta yi adawa da shi a lokacin, kuma da ta san abin da zai biyo baya da ta sake tunani.

A taron ne kuma wani tsohon injiniya ya yi wa jama'a bayanin da ya amfane ni. Ba kowane ƙorafi kwamiti ke saurara ba. In ka ce ginin zai rage darajar gidanka, ko zai tare maka kallon fili ta taga, ba a lissafa shi. Abin da ake aunawa shi ne cunkoson hanya, ambaliya, hayaniya, leƙen gidan maƙwabci, da kuma buƙatar gidaje. Buƙatar gidaje hujja ce mai nauyi a doka, amma a fayil ɗin da na gani, cikin tarin wasiƙun da aka aiko, masu magana da bakin mabuƙata ba su cika tafin hannu ba.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na tsayar da 'yan uwa a harabar masallaci. Akwai Hausawa a garin, 'yan Najeriya da 'yan Ghana, yawanci ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, direbobi da ɗalibai. Kusan dukkanmu 'yan haya ne. Wani dattijo da ya riga mu zuwa ƙasar da shekaru masu yawa ya ce, “Ɗana, mu baƙi ne. Abin da ya kawo mu shi za mu yi. Kada ka ja wa yaran nan magana, wasu takardunsu ba su zauna ba.” Na ce, “Baba, na ji, kuma tsoron yana da dalili. Amma wannan ba ruwansa da biza. Duk wanda ke zaune a gari yana da damar rubuta ra'ayinsa, suna da adireshi kawai ake nema.” Na ƙara da cewa ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke da izinin zama yana iya yin rajista ya jefa ƙuri'a, saboda ƙasashenmu na cikin ƙungiyar Commonwealth. Kansilolin da za su yanke hukuncin nan, da ƙuri'unmu ma ake zaɓensu.

Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta yi tambayar da ta fi kowacce wuya. Ta ce, “Yaya, ko an gina, mu za a ba?” Na gaya mata gaskiya. Mai bizar aiki yawanci an hana shi cin tallafin gwamnati, kuma gidan hukuma, wato gidan haya mai sauƙi na ƙaramar hukuma, na cikin abin da aka hana, sai ya samu izinin zama na dindindin. Ko wanda ya cancanta ma layi zai bi, kuma layin a Ingila ya kai iyalai wajen miliyan 1.3, ga yara fiye da 160,000 da ke kwana a masaukin wucin gadi. Tun da aka ba 'yan haya damar sayen gidajen hukuma a 1980, an sayar da kusan miliyan biyu, kuma ba a mayar da gurbin yawancinsu ba. Ba wanda zai yi mata alkawarin makulli. Amma biza tana ƙarewa a samu zama, yara suna girma a nan, kuma gidan da ba a gina ba babu wanda zai shiga.

Na kuma yi musu bayanin abin da na tsinta a takardun, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Gidaje masu rangwame iri-iri ne. Akwai wanda hayarsa ke kaiwa kashi 80 cikin 100 na farashin kasuwa, wanda a garinmu har yanzu ya fi ƙarfin mai kula da tsofaffi. Akwai wanda za ka sayi wani kaso ka riƙa biyan haya a kan sauran. Sai kuma hayar jin ƙai, wadda gwamnati ke ƙayyade ta da lissafinta, takan tsaya wajen rabin ta kasuwa a wurare masu tsada. Kamfanin ya yi alkawarin rabin gidajen za su zama masu rangwame, amma bai faɗi nawa ne na hayar jin ƙai ba, kuma zanen da ya nuna ƙananan ɗakuna ne masu kwana ɗaya da biyu suka fi yawa. Gwamnatin tsakiya ta faɗi adadi da kaso. Rabon da ke cikin kason, a nan garin ake yanke shi. Mutum goma sha wani abu suka rubuta, kowa da bakinsa, ba kwafi ba. Dattijon nan bai rubuta ba, amma ya ce Allah ya taimaka, kuma ya daina hana kowa.

Kwamitin tsara gari ya zauna da yamma a zauren hukuma. Wanda zai yi magana sai ya yi rajista tun kafin ranar, kuma minti uku ake ba shi. Na rubuta nawa a takarda, na yi ta maimaitawa a kicin maiɗakina na riƙe da agogon waya. Benen 'yan kallo ya cika da masu adawa, wasu da kwalaye. Jami'in hukuma ya fara gabatar da rahotonsa, ya ba da shawarar a amince. Mai magana da yawun masu adawa ya yi nasa, aka tafa masa har shugabar kwamiti ta tsawatar. Wakilin kamfani ya yi nasa. Sai aka kira ni.

Akwai ƙaramin makirufo mai jan haske a kan teburin, da agogo a bango yana ƙirgawa baya. Na faɗi aikina, da shekarun yarana, da yawan ɗakunanmu. Na ce ina goyon bayan ginin, amma ina roƙon abu uku: a rubuta kason hayar jin ƙai a cikin yarjejeniya, a sa gidajen iyali masu ɗaki uku da huɗu a cikinsa, kuma kada a fara gini sai an kammala tafkin tara ruwan sama da magudanan da za su kare gidajen da ke gangaren rafi. Na ambaci lambun maƙwabciyata, da izininta. Ba a tafa mini ba, ba a kuma yi mini ihu ba.

Muhawarar kansilolin ta nuna mini iyakar ikonsu. Da yawansu a fili ba sa son ginin, kuma masu zaɓensu na zaune a sama suna kallo. Ɗaya ya kawo shawarar a ƙi. Jami'in ya tunatar da su cewa kamfani na da damar ɗaukaka ƙara gaban sufeton gwamnati, kuma da yake ba su da filayen shekara biyar, zai yi wuya su yi nasara. In kuma aka ga sun ƙi ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ana iya ɗora wa hukuma kuɗin shari'ar kamfanin. Masu adawa kuwa ba su da irin wannan dama: in an amince, ba inda za su ɗaukaka ƙara, sai dai kotu in an karya ƙa'ida. Wata kansila ta ɗauko maganar hayar jin ƙai, ta nemi a sa ta cikin sharuɗɗa, jami'in ya ce za a iya. Aka kaɗa ƙuri'a, aka amince da ƙaramin rinjaye.

Izinin da aka bayar na gaba ɗaya ne, ba na dalla-dalla ba. Sai da aka ƙulla yarjejeniya ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, inda ake rubuta abin da kamfani zai bayar. A wasu wuraren kamfanoni kan dawo daga baya da lissafi su ce ribarsu ba za ta fita ba, a rage musu gidajen rangwame. A filayen ɗamara, jagorar da gwamnati ta fitar tare da sabon kundin ta toshe wannan hanya a lokacin, kuma wannan na cikin abin da na yaba. Yarjejeniyar ta fito da kason hayar jin ƙai a rubuce, ko da yake bai kai yadda muka roƙa ba, da sharaɗin magudanar ruwa kafin a tare a gida ko ɗaya.

Abin da ba ta fito da shi ba shi ne makaranta da asibiti. Fili ɗaya bai isa a ware musu wuri ba, sai kuɗi kamfanin zai bayar a ƙara ajujuwa a makarantar da ke akwai, a kuma faɗaɗa asibitin da ba shi da wurin faɗaɗawa. Filayen da ke kusa, kowanne wani kamfani ya shigar da tasa takardar daban. A ƙarshe za a gina kusan duk abin da daftarin 2022 ya zana, amma gutsi-gutsi, ba hanyar bas da ta haɗa su. Ina ganin daidai ne a tilasta wa garuruwa masu tsada su gina, domin na ga abin da ya faru da aka bar wa kansiloli zaɓi. Amma gwamnatocin biyu duk suna da alhakin shekarun da garinmu ya yi ba kundi. Kundin gari yana ɗaukar shekaru kafin ya kammala, kuma ba zai taɓa kammaluwa ba in ana sauya ma'aunin kafin a gama awo.

Yanzu hukumarmu ta fitar da daftari na uku, tana sauri ta miƙa shi kafin Disamba 2026, wa'adin da gwamnati ta sa wa masu bin tsohon tsarin rubuta kundi kafin sabon tsari ya maye gurbinsa. Mataki na gaba shi ne jin ra'ayi na ƙarshe, na aƙalla mako shida, kuma a nan ba a tambayar ko kana so ko ba ka so. Abu huɗu sufeto ke dubawa: ko kundin ya yi ƙoƙarin biyan buƙatar yankin, ko yana da hujja, ko zai yiwu a aikace, ko ya dace da manufar ƙasa. Wanda ya nemi a gyara wani abu, ya kuma nuna a fom cewa yana son bayyana, shi ke da damar zama gaban sufeton. Mun fara tattara bayanan iyalanmu a masallaci da cocin da 'yan uwanmu Kirista ke zuwa: mutum nawa a gida, ɗaki nawa, kashi nawa na albashi ke tafiya a haya. Gyaran da za mu nema guda biyu ne, a rubuta mafi ƙarancin kason hayar jin ƙai a cikin kundin kansa, kuma a ware filin makaranta a ɗaya daga cikin filayen da ba a riga an ba da izininsu ba. Maƙwabciyata ta ce za ta sa hannu a kan na biyun.